Ƙwan fitila goma sha ɗaya a leda: yadda muka bi sawun matsalar wayar wata tirela

Direban bai fara da bayani ba. Leda ya miƙo mini cike da ƙwayayen fitila, ya ce in ƙirga. Goma sha ɗaya ne, duk a cikin wata biyu ya cire su daga bayan tirelarsa, wai sun mutu. Na sa yarona ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan batir, tara suka kama tar. Biyun da suka ƙi kamawa, da na duba rubutun gindinsu sai na ga na ƙaramar mota ne, masu bolt 12, wani ya sayar masa ya sa a motar da ke aiki da bolt 24. Irin waɗannan sukan yi haske kamar walƙiya na ɗan lokaci, su ƙone.

"Malam, ni dai na gaji," in ji shi. "Ranar da na kawo ta wajen gyara sai ta warke, kamar yaron da ya hango allura. Ina hawa titi ta dawo da halinta."

Da na zaunar da shi muka bi abin daki-daki, ƙorafinsa ya kasu uku. Da dare idan fitilun fakin na kunne ya taka birki, maimakon bayan motar ya ƙara haske sai ya dushe, har direbobin da ke binsa sun sha wuce shi suna zagi. Idan ya ba da sigina ta hagu, ta dama ma takan riƙa ƙiftawa a raunane, wani lokaci har da fitilar birki. Na uku kuma, fis ɗin fitilun gefen dama ya kan ƙone jefi-jefi, amma wannan ya ce kada in damu, shi ya riga ya yi maganinsa.

Na tambaye shi yaushe abin ya fi tsanani. Ya yi shiru, sannan ya ce kamar bayan kowane sabis, idan an shafa sabon giris a farantin da tirela ke zama a kai. Ya faɗa ne yana dariya, don a ganinsa babu abin da ya haɗa giris da fitila. Ni kuwa wannan maganar ce ta fi duk sauran amfani a wurina.

Abin da ke tsakanin kai da tirela

Motar tsohon kai ce, wato gaban mota mai inji da ke jan tirela, mai batir biyu a jere, bolt 24, idan inji na aiki mita takan nuna wajen 28. Fitilun tirela suna samun wuta ta wayar nan mai murɗe-murɗe da ke rataye a bayan kai, mai fulogi mai haƙora bakwai, irin tsarin da ake kira ISO 1185. A ƙa'ida, haƙori na 1 farar waya ce, ita ce at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Na 2 baƙa ce, fakin da fitilun gefen hagu. Na 3 rawaya, siginar hagu. Na 4 ja, birki. Na 5 koriya, siginar dama. Na 6 ruwan ƙasa, fakin da fitilun gefen dama. Na 7 shuɗiya, wadda aka ware wa harkar birkin tirela. Farar galibi ta fi sauran kauri, domin kowace daga cikin sauran kayanta kawai take ɗauka, ita kuwa duk wutar da suka kai ita ke dawo da ita.

Wannan a takarda ke nan. Tirelar da ta shekara goma tana yawo, hannu nawa ya taɓa ta? Na sha buɗe akwatin wayoyi in tarar da jar waya ta shiga ta fito a shuɗiya. Don haka launi nuni ne kawai, sai an gwada.

Muka sa weji a tayoyi, muka ja birkin hannu. Abu na farko shi ne a raba gardama: laifin kai ne ko na tirela? Na zare fulogi daga tirela, na ɗauko fitilar gwajina, wadda ba komai ba ce illa ƙwai mai wat 21 da wayoyi biyu. Na ɗora ɗaya a haƙori na 1, ɗayar ina zagayawa da ita, direba yana ciki yana kunna abin da na kira. Fakin hagu, fakin dama, sigina biyu, birki, kowanne ya ba da cikakken haske. Na sa yarona ya riƙa jan wayar mai murɗe-murɗe yana lanƙwasa ta, ko akwai karaya a ciki, hasken bai motsa ba. Kai da wayarsa sun fita. Saura tirela.

Da muka mayar da fulogi muka kunna komai, sai ga fitilu lafiya lau, kamar yadda direban ya faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko?"

Farantin da ke yin aikin da ba nasa ba

Na ce ya sauke ƙafafun tirela, ya kwance ta daga kai, ya matsa gaba kaɗan yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, amma a bar waya a haɗe. Nan take duk abin da ya lissafa ya bayyana a gabanmu, kuma wannan karon bai tafi ba. Fakin na kunne, ana taka birki sai ya dushe. Siginar hagu tana ƙiftawa, sauran ƙwayayen suna amsa mata a hankali, wannan ya kama wancan ya saki.

Ga abin da ke faruwa. A wannan tirelar kowace fitila at ɗinta a jikin shasi yake, shasin kuma farar waya ce ya kamata ta haɗa shi da kai. Idan farar ta yanke, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanya. Hanya mafi sauƙi ita ce farantin nan: ƙarfen tirela yana zaune a kan ƙarfen kai, wuta ta bi ta nan ta koma batir. Muddin giris ya sha aiki ya goge, ƙarfe na gogar ƙarfe, fitilu za su yi aiki, ba wanda zai san farar waya ta mutu. Ranar da aka shafa sabon giris mai kauri, ko mota ta shiga gargada tirela tana ɗagawa tana sauka, hanyar takan toshe ta buɗe. A tsaye a gareji kuwa, nauyin tirela ya danne farantin, shi ya sa take warkewa a gaban mai gyara.

Idan farantin ma ya toshe, sai wuta ta koma bin ƙwayayen da ba a kunna ba. An kunna fakin, wuta ta ratsa zaren ƙwai mai wat 5, ta iso shasi, ta rasa mafita, sai ta shiga ƙwan birki ta baya, ta bi jar waya ta koma kai, ta ratsa fitilun birkin kai, ta samu at a can. A wannan tsohon kan layukan tirela da na kai a haɗe suke, don haka hanyar a buɗe take. Zaren ƙwai mai wat 21 kauri gare shi, turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, idan ya yi zafi wajen om 27 ce, ta mai wat 5 kuwa ta haura om 100. Saboda haka ƙaramin ne ke cinye mafi yawan ƙarfin, ya yi haske kusan yadda ya saba, babban kuma ko ja bai yi ba. Mai kallo daga baya ba zai ga komai ba. To amma da an taka birki, jar wayar da ta zama hanyar komawa ita ma ta cika da bolt 24. Ƙwan fakin ya samu wuta ta gaba da ta baya, babu bambancin da zai tura ta, sai ya dushe. Ɗan abin da ya rage sai ya lallaba ta ƙwayayen sigina, su yi ja-ja kamar garwashi.

Don in tabbatar, na ɗauko doguwar waya na ɗaura a kan negatif ɗin batir, na kawo ta baya, na sa mita tsakaninta da shasin tirela, fitilu duk a kunne. A lafiyayyar mota abin da za a gani bai kamata ya kai rabin bolt ba, tunda shasi da negatif kusan abu ɗaya ne. Mita ta haura bolt 15. Na ɗauko wayar jan batir na haɗa shasin kai da na tirela kai tsaye, lambar ta faɗo ƙasa, fitilu suka daidaita a take.

Da muka kwance soket ɗin gaban tirela, ruwa ne ya fara zubowa. Murfinsa ya daɗe da karyewa, robar bayansa ta tsage. Farar wayar tana maƙale da haƙorinta da zare biyu ko uku, su ma sun zama kore, ina taɓawa suka marmashe. Na bi ta zuwa inda aka ɗaure ta a shasi, nan ma notin a kan fenti da tsatsa yake zaune. Muka sa sabon soket, muka yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke ƙyalli, muka kankare shasi sai da farin ƙarfe ya fito, muka ɗaure da sabon kan waya da washa mai haƙora, sannan muka shafe saman da giris don ruwa. Giris a saman haɗi bayan an ɗaure kariya ne, a tsakanin ƙarfe biyu kuwa ga abin da ya jawo. Na kuma ja sabuwar farar waya daga gaba har baya zuwa gidajen fitilun biyu, don kada su dogara da notocin da ke riƙe su a jikin bodi. Da na sake aunawa, tirela tana rabe da kai, mita ta nuna bolt 0.2.

Mita ta ce akwai wuta

Da at ya gyaru sai wata matsalar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ta fito fili. Fitilar birkin dama tana kamawa da ƙarfinta, ta hagu shiru. Yarona ya canza ƙwai, shiru. Ya cire ƙwan ya sa mita a gidansa, direba ya taka birki.

"Oga, akwai wuta, 24 har da ɗoriya. Ƙwan ne ba shi da kyau."

Na ce ya gwada ƙwan a batir. Ya kama. Ya tsaya yana kallon mita yana kallon ƙwai, ya rasa wanda zai gaskata.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata kwana guda, kuma ina jin a nan ne ƙwayayen cikin ledar nan suka samo asali. Mita ta zamani mai lambobi kusan ba ta jan wuta ko kaɗan. Turjiyar cikinta wajen om miliyan 10 ce, don haka a kan bolt 24 abin da ke ratsa ta bai kai kashi uku cikin miliyan na amfiya ɗaya ba. Zare ɗaya tak da ya ruɓe, ko ma danshi da tsatsa, ya isa ya kawo mata wannan, ta rubuta maka 24 cikakke. Ƙwan birki kuwa kusan amfiya ɗaya yake nema. Ka ɗauka akwai ruɓaɓɓen haɗi mai turjiyar om 1,000 a hanya. Ga mita, dubu ɗaya a gaban miliyan goma ba komai ba ne. Ga ƙwai, wannan haɗin zai cinye kusan dukkan ƙarfin kafin wuta ta iso. Kamar famfo ne da bututunsa ya toshe saura ɗan ƙofa: idan yana rufe, matsin ruwa a bakinsa daidai yake da na kowa, ka buɗe ka ga ɗigo.

Na ce ya mayar da ƙwan, ya auna ta bayan gidan fitilar, ƙwai na ciki, birki a take. Lambar ta faɗo ƙasa da bolt ɗaya. Daga nan aikin ya zama na bin waya. Muka koma akwatin da wayoyi ke rabuwa a tsakanin ƙarafan shasi ta baya. Jar waya ta shigo da ƙarfinta, fitilar gwaji ta kama tar. Reshen dama lafiya. Reshen hagu kuwa, tazarar taku ɗaya daga akwatin, na ji wani kumburi a ƙarƙashin baƙin tef. Na warware. Wani ya taɓa haɗa wayar a nan, ya murɗe bakin biyu da hannu, ya naɗe. Tef ba ya hana ruwa shiga, hana shi fita yake yi. Haɗin ya zama garin kore.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ruɓar ba ta tsaya a haɗin ba. Ruwa yakan bi tsakanin zarurrukan waya ya yi tafiya a cikin roba. Na fere gaba kaɗan, jan ƙarfen baƙi ƙirin. Na ƙara, baƙi. Sai da na yi kusan rabin mita kafin na ga mai ƙyalli. Wayar da ta yi baƙi haka ba ta kama dalma, idan an matse ta ma haɗin ba ya daɗewa, don haka na cire reshen gaba ɗaya daga akwati zuwa fitila na sa sabo, na matse bakunansa na rufe da bututun roba mai tsukewa da zafi, irin mai gam a ciki.

Wata 'yar togaciya a kan fitilar gwaji: a layin fitilu na tsohuwar mota irin wannan babu abin da ya fi ta. A sababbin motoci da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, ba kowace waya ake cusa mata ƙwai mai wat 21 ba, sai an san layin da ake taɓawa. Haka kuma wayar birkin ABS, mai nata fulogin daban, ba mu kusance ta ba.

Kuskurena

Kafin in sallame shi na tuna da fis ɗin da ya ce ya yi maganinsa. Na buɗe akwatin fis na kai. A gurbin da aka rubuta amfiya 10, inda ja ya kamata ya zauna, kore ne mai amfiya 30.

"Tun da na sa wannan bai sake ƙonewa ba," in ji shi. Ya ɗan yi jim, ya ƙara da cewa wani lokaci dai yakan ji ƙaurin roba.

Na cire koren na sa ja, na yi masa bayanin cewa fis waya yake tsaro, kuma wanda ya fi ƙarfin waya sai ya bar ta ta ƙone shi yana zaune. Muka kunna fitilu minti goma sha biyar, jan bai ƙone ba. Na ce a raina wataƙila rikicin at ne ke ƙona shi, tunda wuta tana bin layin da ba nata ba. Na sallame shi.

Wannan tunanin ragwanci ne, kuma da na tsaya na yi lissafin minti ɗaya da na gane. Rashin at yana jera ƙwayaye ne ɗaya bayan ɗaya a hanyar wuta, turjiya ta ƙaru, wutar da ke gudana ta ragu. Ba shi da yadda zai ƙona fis. Layin wayar ruwan ƙasa kuma, na gefen dama, ƙananan ƙwayaye takwas ne a kansa masu wat 5, jimla wat 40, ko amfiya biyu ba su kai ba. Abin da zai ƙona fis mai amfiya 10 a wannan layin sai waya mai wuta ta taɓa ƙarfe kai tsaye. Na gaji ne, fitilu kuma suna haske, na bar ido ya yi mini hukunci.

Kwana huɗu ya dawo. Birki da sigina lafiya, ya ce, amma gefen dama ya mutu sau biyu, kuma saura ƙiris ya mayar da koren.

Neman shot, wato taɓawar waya mai wuta da ƙarfe, irin mai zuwa yana tafiya, ta hanyar canza fis asara ce, kowane gwaji fis ɗaya. Sai na cire dukkan ƙwayayen da ke layin ruwan ƙasa, na kai da na tirela, na cire fis, na sa fitilar gwaji a gurbinsa, na ja ta da doguwar waya na rataye inda zan riƙa hango ta daga ƙarƙashin mota. Tunda babu ƙwai a layin, wuta ba ta da hanyar komawa, fitilar za ta zauna a mace. Duk lokacin da waya ta taɓa ƙarfe za ta kama, kuma ita kanta za ta tare wutar, babu abin da zai ƙone.

Muka zare fulogi muka girgiza wayoyin kai, shiru. Muka mayar, muka bi damin wayoyin tirela daga gaba zuwa baya muna ja muna girgizawa, shiru. Na fito na sake tambayar direba, a ina ya ƙone? Ya ce duka biyun da kaya a kai, kuma a hanya marar kyau. Wato sai shasi ya lanƙwasa ya girgiza. Na koma ƙarƙashi, wannan karon na bar babban damin na bi ƙananan rassan da ke fita zuwa fitilun gefe. A saitin taya ta tsakiya, reshen ya ratsa wani rami a ƙarfen da ya gitta shasi. Na sa yatsa na danna shi ƙasa.

"Ta kama, Oga! Ta mutu. Ta sake kamawa!"

Zoben robar da ya kamata ya zauna a ramin babu shi, sai shatarsa. Bakin ƙarfen ya yanka robar wayar ta ƙasa, inda ido ba ya gani, a jikin ƙarfen kuma ga ɗigo-ɗigon baƙi inda wuta ta riƙa tartsatsi. Da na zaro wayar na ga aikin koren fis: robar ta narke tsawon tafin hannu, ta manne da ta kusa da ita, saura kaɗan su haɗe. Na kira direban ya sunkuyo ya gani da idonsa. Bai ce komai ba, ya dai shafa wurin da yatsa ya sansana.

Muka canza reshen, muka sa shi a cikin bututun roba, muka sa sabon zobe a ramin, muka ɗaure shi gaba da baya yadda ba zai yi lilo ba amma ba a ɗame ba. Tunda muna ƙarƙashin, na duba sauran ramukan, na samu biyu da zobensu ya bushe ya tsage, su ma muka canza. Muka mayar da ƙwayaye, daga cikin taran nan na ledarsa, muka sake gwada komai sau biyu, tirela a haɗe da kai da kuma a rabe.

Da zai tafi na ba shi jajayen fis guda biyu ya ajiye a dashbod. Na ce ya kawo korayen da ke wurinsa. Ya laluba aljihun ƙofa ya zaro guda uku.